Laifin Ɗan Aike Ne, Ko Na Wanda Ya Aike Shi?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, tun daga ɗakin kwamfuta har zuwa teburin mai shayi, watau duk sa'ad da wani aiki ya lalace sai a ɗaga kafaɗa a ce, "Ai na'urar ce ta yi shirme." Magana ce mai daɗin faɗa ƙwarai, domin na'ura ba ta da ƙungiya, ba ta da lauya, ba ta kuma rubuta takardar koke zuwa ga shugaban sashe. Mu dai da muka ɗauki alƙalami yau mun zo ne mu shaida cewa a mafi yawan shirmen da muka gani da idanunmu, mai laifin yana nan zaune a kan kujera da katin shaidar ɗalibi a aljihunsa, kuma ba mu fitar da kanmu daga cikin masu laifin ba.

Bari mu fara fayyace abin da muke magana a kai, don kada 'yan'uwanmu na sashen Shari'a da na Tarihi su ce mun shige yaren 'yan kwamfuta mun rufe ƙofa. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Claude da Gemini, asalin sana'arsu ita ce su karɓi rubutu su mayar da rubutu. Ba su da hannu. Su kaɗai ba za su iya buɗe rajista ba, balle su tura kuɗi ko su aika wasiƙa. In ana so su yi aiki irin wannan, sai a haɗa su da wasu ƙananan shirye-shiryen kwamfuta, wannan na neman suna a rajista, wancan na biyan kuɗi, wancan na share fayil. Waɗannan su ne kayan aiki. Manhajar da aka ba kayan aiki, aka kuma sakar mata mara ta zaɓi wanda za ta ɗauka da lokacin da za ta ɗauka, ita ce muke kira ɗan aike a wannan takarda.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin ko kaɗan. Abin da ake nuna masa uku ne rak: sunan kayan, da ɗan bayanin da wani mutum ya rubuta game da abin da kayan yake yi, da jerin guraben da zai cike kafin kayan ya motsa. Da waɗannan kaɗai zai yanke shawara. Kamar a kawo sabon masinja ofis ran Litinin da safe, a miƙa masa tarin makullai, kowane da 'yar takarda a ɗaure, a ce masa ya je ya buɗe ma'ajiyar kuɗi, alhali kuwa an rubuta "ma'aji" a jikin makullai uku. In ya buɗe wadda ba ita ba, wa ya kamata a kira gaban kwamiti?

Wannan tsari ba daɗaɗɗe ba ne. A watan Yuni na 2023 ne kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja hanyar bayyana kayan aiki ta wannan siga. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna Model Context Protocol, wadda ake taƙaitawa MCP, domin wanda ya ƙera kayan aiki sau ɗaya ya iya haɗa shi da kowane ɗan aike. A cikin 2025 OpenAI da Google suka karɓe ta, a watan Disamba na shekarar kuma aka miƙa riƙonta ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Sakamakon haka shi ne dubban mutane a duniya, gwanaye da 'yan koyo, kowa ya zauna yana rubuta 'yan layukan nan na bayani, ya zuba su a intanet, wasu kuma suna kwasa suna haɗawa da asusun ajiyarsu da akwatin wasiƙunsu ba tare da sun karanta ba.

Tambayar da ta dame mu ita ce: ta yaya za a san bayani mai kyau daga maras kyau? Amsar da muka tarar ana bayarwa a nan ita ce ta sa mu rubutu.

A zangon da ya wuce, mu huɗu muka haɗa wani ɗan aike a matsayin aikin aji, wanda zai riƙa karɓar kuɗin ƙungiyar sashe daga ɗalibai. Mun ɓata makonni a kan shirin kansa. Bayanin kayan aikin kuwa a daren ƙarshe muka rubuta shi, cikin minti biyar, wutar lantarki na barazanar ɗaukewa. Abin da muka rubuta da Turanci ma'anarsa ita ce: wannan kayan yana karɓar kuɗi daga ɗalibi, gurbi na farko ɗalibin, gurbi na biyu adadin kuɗin. Ranar gabatarwa aka haska rubutunmu a bango, aka karanta, aka ce Turancin ya fita, an faɗi manufa, an lissafa gurabe, aka ba mu maki mai sanyaya zuciya. Ba wanda ya ce a kunna abin a gani, mu ma ba mu tayar da maganar ba, don kowa ya san ba a tsokanar tsuliyar dodo ranar jarrabawa.

Bayan mako biyu wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya ta roƙa ta gwada. Allah Ya taimake mu asusun gwaji ne, ba kuɗin gaske ba. Ta rubuta cewa a karɓi naira dubu biyu. Ɗan aike ya cike gurbi da 2000, ya dawo yana mai farin cikin sanar da ita an gama. Da muka leƙa rajista sai muka ga naira ashirin. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa wannan aiki: kamfanonin biyan kuɗi ta intanet da yawa suna lissafi ne da mafi ƙanƙantar kuɗin ƙasa, kwabo a nan, santi a Amurka, don su kauce wa rikicin ɗigo a lissafi, kuma suna rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardunsu. Mun san wannan sarai. Mun karanta shi. Amma ba mu rubuta wa ɗan aiken ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali ya zo ne da muka maimaita gwajin: wani sa'in ya ninka adadin da ɗari, watau ya yi canki daidai, wani sa'in bai ninka ba. Da ranar gabatarwa an kunna shi sau ɗaya ya dace, da mun tafi da yabo biyu, da ƙwarƙwatarmu a cikin kitso.

Laifi tudu ne, mun taka namu, yanzu bari mu hango na wasu. Hanyar da aka auna mu da ita, ita ce hanyar da ke yaɗuwa ko'ina, har an yi mata kwaskwarimar zamani. A tsara takardar ma'auni mai tambayoyi: An faɗi manufar kayan? An bayyana gurabe? An kawo misali? Bayanin ya kai tsawon kaza? Sa'an nan, maimakon malami ya gaji, sai a miƙa wa wata manhajar ta karanta ta ba da maki bisa goma. A tara makin, a zana jadawali mai launi, a ce an auna inganci. Muna cewa da babbar murya wannan awo ne na rigar, ba a ko taɓa mai rigar ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Takardar ma'auni tana da amfaninta, irin amfanin rariya: tana tare tsakuwa. Bayanin da aka bar shi fayau babu komai, ko gurbin da ba a faɗi irin abin da ake zubawa a ciki ba, za ta kama su, kuma masu irin wannan sakaci suna da yawa. Amma manhajar da aka naɗa alƙali, me take gani? Rubutun kawai take gani, daidai da ɗan aiken da ake so a kare. Ba ta ga cikin kayan ba. Ba ta san ko kwabo ake nufi ko naira ba. Ba ta san cewa a gefen wannan kayan akwai wani mai kama da shi ba, in ba a nuna mata su tare ba. Wasu abokanmu sun yi kayan aiki biyu, ɗaya "nemo ɗalibi", ɗaya "duba ɗalibi", kowane da bayani tsaf wanda zai ci maki tara shi kaɗai. Da aka ajiye su gefe da gefe sai ɗan aike ya riƙa ruwan ido, domin ba a ko'ina aka ce na farko da suna yake nema, na biyu da lambar rajista. Aibin ba ya cikin ko ɗaya daga bayanan biyu, yana tsakaninsu ne, inda mai duba takarda ɗaya-ɗaya ba zai taɓa leƙawa ba.

Daɗin daɗawa, mu ɗalibai ne, mun san halinmu. Ranar da aka sanar cewa tsawon bayani yana kawo maki, ran nan za a fara cika shi da surutu, kamar yadda muke cika takardar amsa don malami ya ga tudu. A jarrabawa malami kaɗai ke shan wahalar wannan. A nan kuwa duk bayanan da aka jera wa ɗan aike sai ya karance su a kowane aike, kuma kamfanonin nan da yawan rubutun da aka karanta suke caji, da dala. Surutun banza kuɗi ne ke zuba, kuma yana binne layi ɗayan nan da ke da muhimmanci.

Akwai abin da ya fi wannan muni: bayani yana iya zama kyakkyawa, cikakke, ya kuma zama ƙarya. Tarihin injiniyoyi ya riga ya koyar da wannan darasi da tsada tun kafin a haife mu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter yayin da ya isa duniyar Mars. Binciken da aka yi ya nuna cewa takardar da ta tsara yadda shirye-shiryen kwamfuta biyu za su yi magana da juna ta ce a ba da ƙarfin turi da ma'aunin mita, amma shirin da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta yana fitar da lambobinsa da ma'aunin fam irin na Ingilishi, bambancin da ya haura ninki huɗu. A lura da kyau: takardar ba ta yi kuskure ba. Da an ba kowane alƙali ita, mutum ko na'ura, da ta ci maki goma. Abin da ya faru shi ne takarda na faɗin abu guda, kayan na yin wani, kuma aka yi watanni kumbo na tafiya ba a daidaita su ba. In wannan ya sami masu digirin digirgir, ina ga mu da ke rubuta bayani da hasken waya?

Saboda haka matsayinmu ɗaya ne: ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bayanin kayan aiki ba a auna shi da karatu, sai da aiki. A tara ayyuka na gaske, irin waɗanda mutane za su kawo da bakinsu, da masu sauƙi da masu murɗiya, kowane a rubuta sakamakon da ake tsammani tun kafin a fara. A saki ɗan aike a kansu. Sa'an nan a je a duba rajistar kanta, a ga ko abin da ya kamata ya canza ya canza, ko wanda bai kamata ba an taɓa shi, domin ɗan aikenmu da ya karɓi naira ashirin shi ma cewa ya yi an gama. A zauna kuma a karanta sawunsa ɗaya bayan ɗaya: wane kayan ya ɗauka, me ya zuba a gurbi, ina ya yi tuntuɓe. Daga nan a gyara layi ɗaya a bayanin, a sake sakinsa, a ga ko adadin nasara ya hau ko ya sauka. A kuma ɓoye wasu ayyukan a gefe, kada a gyara bayani da su, sai a ƙarshe a fito da su; in ba haka ba mun koma satar amsa, muna koya wa ɗan aike tambayoyin bara.

Ba mu muka ƙago wannan ba. Masu ƙera manhajojin da kansu haka suke yi, sun kuma faɗa a fili. A watan Disamba na 2024 injiniyoyin Anthropic suka rubuta cewa lokacin da suke shirya ɗan aikensu don jarrabawar gyaran manhaja da ake kira SWE-bench, sun ɓata lokaci a kan gyaran kayan aiki fiye da wanda suka ɓata a kan babban umarnin. Sun lura yana ɓata hanya in aka bar shi ya faɗi wurin fayil daga inda yake tsaye, sai suka tilasta a riƙa ba da cikakken adireshin fayil tun daga tushe, kuskuren ya kau. A watan Satumba na 2025 suka ba da wani labarin: da suka fitar da kayan bincike a intanet, sai suka ga Claude yana liƙa 2025 a ƙarshen abin da yake nema ba gaira ba dalili, yana karkatar da sakamako, kuma da gyaran bayanin kayan suka warkar da shi. Muna tambaya: wace takardar ma'auni ce za ta hango wannan? Ba wadda za ta iya. Sai da aka zauna aka kalli abin yana aiki.

Kuma gwaji sau ɗaya ba gwaji ba ne. A watan Yuni na 2024 masu bincike na kamfanin Sierra suka fitar da wata jarrabawa mai suna tau-bench, inda ɗan aike ke hidimar abokan ciniki a kanti da kamfanin jirgin sama na kwaikwayo. Manhajar GPT-4o, wadda tana cikin na gaba-gaba a lokacin, ba ta ci rabin ayyukan ba. Da suka tsananta, suka ce sai an ci aiki guda sau takwas a jere kafin a lissafa shi, sai nasararta a ɓangaren kanti ta faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Manhajojin da suka biyo baya sun fi ta, ba mu musa ba, amma lissafin bai canza ba, kuma ɗan aji ɗaya zai iya yinsa: abin da ke dacewa sau tara cikin goma, in kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya dace sau takwas a jere kashi 43 ne kawai cikin ɗari. Wane akawu ne za a bar wa akwatin kuɗi da irin wannan shaida? Amma ɗan kwangila zai zo ya kunna sau ɗaya a gaban manya, a tafa, a sa hannu.

Yanzu ga ɓangaren da ya kamata ya hana mu barci. Tun da ɗan aike yana ɗaukar bayanin kayan aiki tamkar umarni daga ubangidansa, duk wanda ya rubuta bayani ya sami hanyar yi masa raɗa a kunne. A watan Afrilu na 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs suka nuna haka a aikace. Suka ƙera ɗan kayan aiki wanda a zahiri lambobi biyu kawai yake tarawa, amma a cikin bayaninsa suka cusa umarnin cewa kafin a yi tarawar a buɗe wasu fayilolin sirri na mai kwamfutar, har da makullin shigarsa, a zuba su a wani gurbi na gefe, kada kuma a gaya masa. Ɗan aiken ya bi. Mai kwamfuta bai ga komai ba, domin allon da ke gabansa taƙaitaccen suna kawai ya nuna masa. Suka kuma yi gargaɗi cewa mai kayan yana iya sauya bayanin bayan an riga an amince da shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Irin wannan bayani yana iya faɗin manufa, ya bayyana gurabe, ya kawo misali, ya cika tsawo, ya haye takardar ma'auni da tutarsa a sama. Ƙa'idar MCP kanta, a gyaran da aka yi mata a watan Maris na 2025, ta ƙara wasu alamomi da mai kayan zai sa don ya nuna ko kayansa karatu kawai yake yi ko yana iya rusa abu, amma ta gargaɗi masu amfani da kada su dogara da alamomin in ba daga amintacce suka fito ba. Watau masu ƙa'idar ma sun san shaidar mutum a kan kansa ba hujja ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce rubutun da ba wanda ya karanta shi har ƙarshe.

Mun san abin da za a ce mana, don an riga an faɗa mana a ɗakin kwana. Na farko, wai manhajojin kullum ƙara wayo suke, nan gaba kaɗan za su gane nufinmu ko da mun rubuta a hagunce. Wannan magana ta masu son hutu ce. Wayo ba ya haifar da labarin da ba a bayar ba. Ko shehun malami ne, in ka miƙa masa takarda an rubuta 3/4/2026, ba zai san ko uku ga Afrilu ake nufi kamar yadda muke rubutawa ba, ko huɗu ga Maris kamar yadda Amurkawa suke yi, sai dai ya yi canki. Ƙarin wayo ma yana iya ƙara haɗari, domin mai wayo cankinsa ya fi kama da gaskiya, ya fi wuyar kamawa.

Na biyu, wai gwaji tsada gare shi, mu kuwa ba dala ba wuta. Wannan tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu raina ta ba, don mu ma karo-karo muka yi. Amma ba wanda ya ce sai an yi ayyuka dubu. Ayyuka ashirin ko talatin da aka zaɓa da hankali, aka maimaita kowane sau biyar, sun isa su tona mafi yawan asirin. Wanda kuwa ba shi da halin gwada kayan biyan kuɗi, ba shi da halin sakinsa a kan kuɗin mutane.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida wadda jarrabawar Sierra ko ta Jami'ar Berkeley ba za su taɓa gano mana ita ba. Bayanan nan kusan duk da Turanci ake rubuta su, masu aiken kuwa da bakin kasuwa za su zo. Dattijo a Kano zai ce a tura jaka biyar, yana nufin naira dubu, don jaka a lissafinsa naira ɗari biyu ce. Ɗan'uwansa a Maraɗi in ya ce jikka, sefa dubu yake nufi, kuma da dala yake ƙirga, kowace dala sefa biyar. Wata za ta ce a ajiye mata wuri gata, wani ya ce citta. Sunan da aka rubuta a rajista da ƙ mai lanƙwasa, mai nema zai buga shi da k, kayan ya dawo ya ce babu wannan mutum, ɗan aike kuma ya buɗe masa sabon fayil, a wayi gari mutum ɗaya ya zama biyu. Bayani nagari a ƙasarmu tilas ya faɗa wa ɗan aike abin da zai yi a irin wannan hali: ya dakata ya tambaya, kada ya yi canki da kuɗin talaka. Ba kuwa za a san ko ya dakata ɗin ba sai an jarraba shi da waɗannan kalmomi, daga bakin masu faɗinsu. In ba mu muka tsara wannan jarrabawa ba, ba wanda zai taso daga Kalifoniya ya tsara mana.

Ga yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, maganar ta fi shafarku. Ku ne za a turo wa fayil a ce ku ba da shawara a sayi ɗan aiken da zai taɓa albashi ko fansho ko rajistar asibiti. Kun san darajar takardar miƙa aiki. Kun san abin da ke faruwa in wanda aka canza wa wuri ya bar layi biyu ya tafi. Bayanin kayan aiki takardar miƙa aiki ce, sai dai mai karɓarta ba ya iya ɗaga waya ya kira wanda ya gada. Ku nemi a buga muku bayanan gaba ɗaya a takarda, kalma da kalma kamar yadda ɗan aike ke ganinsu, a sa a fayil da sunan wanda ya rubuta da kwanan wata. Ku nemi jerin ayyukan da aka gwada, da sau nawa, da waɗanda suka faɗi; wanda ya ce muku babu wanda ya faɗi, ko bai gwada ba ko yana ɓoyewa. Ku kawo naku ayyukan daga teburinku waɗanda ɗan kwangila bai taɓa gani ba. Ku sa a yarjejeniya cewa ba a sauya ko harafi ɗaya na bayani sai an sanar an sake gwaji. Ranar da kuɗin wata gwauruwa ya maƙale, ba na'ura za a kira gaban kwamitin bincike ba, mai sa hannu za a kira.

Ga hukumar sashenmu kuma, cikin ladabi muke roƙo, amma ba za mu janye ba: a daina ba da maki a kan bayanin da aka haska a bango. A sa kowace ƙungiya ta miƙa kayanta ga wata ƙungiyar da ba ta san cikinsa ba, ta jarraba shi da ayyukanta, a ba da maki a kan abin da rajista ta nuna. Mun rubuta wannan a matsayin ƙuduri, za mu kuma gabatar da shi a taron ƙungiyar ɗalibai mai zuwa, muna fatan waɗanda suka ci maki irin namu ba za su ƙaurace wa zauren ba.

Namu bayanin mun sake rubuta shi. Yanzu ya faɗi cewa adadi da kwabo ne, ya kawo misalin naira dubu biyu da yadda ake rubuta ta, ya ce lambar rajista ake so ba suna ba, ya ce kuɗin da aka karɓa wannan kayan ba ya mayar da shi, don haka a tabbatar daga bakin ɗalibi kafin a taɓa. Matsalar kwabo ba ta sake dawowa ba a duk gwajin da muka yi. Amma ƙanwar tamu ta dawo shekaranjiya ta rubuta masa cewa ta biya rabi, sauran sai jibi, ɗan aiken kuwa ya karɓi kuɗin gaba ɗaya nan take, domin ba mu gaya masa abin da zai yi da mai biyan rabi ba. Makin da aka ba mu yana nan a allon sanarwa, ba a rage ko ɗaya ba.